Kangon Tasha da Idon Kyamara

Wanda ya tashi daga Haɗeja ya nufi arewa maso yamma, ba zai yi nisa ba zai iske Malam Madori, garin da jirgin ƙasa ya raya. Haɗeja tsohuwar masarauta ce mai ganuwa da tarihi, wadda ta tsaya ta gwabza da Turawa a watan Afrilun 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Amma da Turawan suka tashi shimfiɗa reshen dogo daga Kano zuwa gabas, ba su bi ta birnin ba. Sun ratsa ta Ringim da Gagarawa, suka kafa tasha a Malam Madori, suka wuce Birniwa, layin ya isa Nguru a 1930. Gyaɗa suke nema, ita kuwa gyaɗa ƙasar jigawa take so, ba laka ta bakin kogi ba.

Tasha ta jawo kantuna da sito-sito, su kuma suka jawo dillalai da 'yan dako da masu sayar da abinci da malaman sikeli. Da kaka ta yi, jakuna da raƙuma ke kwararowa daga ƙauyuka, daga baya manyan motoci suka shigo. A lokacin kamfanoni irin su UAC da John Holt da GBO ne ke riƙe da cinikin amfanin gona a Arewa, tare da Kwara 'yan Labanan da attajiran ƙasa masu sayo musu kaya.

Mai ɗaukar hoto da ya bi tashoshin wannan reshe a yau, abin da zai fara cin karo da shi fili ne. Fili mai faɗi a gefen layi, inda a da ake jibge buhuna, yanzu ko dai yara na buga ƙwallo a ciki ko an yanka shi fuloti. Sai tsofaffin sito da iska ta yaye wa kwano, sai dandamalin siminti da ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar. Sabon shiga yakan ja da baya ya ɗauki ginin gaba ɗaya, ya koma gida da hoton da ba a bambanta shi da na kowane kango. Wanda ya san aikin yakan tsuguna. A gefen ƙarfen dogo, idan aka share ƙasa da tafin hannu, akan ga rubutu a kumbure, sunan masana'antar da ta ƙera ƙarfen da shekarar da aka yi shi. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa uku da rabi ne, ma'aunin da aka yi wa tsohon layin Najeriya baki ɗaya. A wurare da yawa abin da aka gitta a ƙarƙashin layin ma ƙarfe ne, ba katako ba, saboda gara. Hoto ɗaya na wannan rubutu, in an haɗa shi da sunan tasha da ranar ɗauka, ya fi hoto goma na faɗuwar rana a bayan sito amfani ga mai binciken tarihi.

Kafin a fahimci waɗannan kangaye sai an koma kan gyaɗar kanta. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawa suka sa a rai, don ciyar da masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin: auduga tana da masu sayenta a gida, masaƙa da marina, da farashin da ya fi na Bature; gyaɗa kuwa ana cinta in an ga yunwa, tana gyara gona, ga shi kuma kantuna na biyan kuɗi hannu. Suka rungumi gyaɗa. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya rubuta littafi sukutum a 1978 a kan yadda wannan zaɓi na manoma da fatake Hausawa ya ba Turawa mamaki. A cikin wannan ciniki ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama attajirin da sunansa ya zagaye Afirka ta Yamma.

Dalar gyaɗa, wadda ake tunawa da ita cikin alfahari, tana da wani gefe da ba a cika faɗa ba. An tara ta ne saboda jirgi ya kasa kwashe kayan a kan kari, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da kawunan jirgi da taragu suka yi ƙaranci. Sai a jera buhuna bisa tsari, kowane hawa ya ɗan shige ciki, har a kai ƙololuwa, a lulluɓe da tamfol don damina. Dala ɗaya takan ci buhu har 15,000. An yi su a Kano, an yi a Bebeji da Dawakin Kudu, an yi a Malam Madori. Kowane buhu a kan wani mutum ya hau, yana taka na ƙasa tamkar matakala, da gammo a kansa da zufa a bayansa.

Hotunan dala suna nan da yawa. Ko a bayan takardar naira 200, wadda ta fito a shekarar 2000 da hoton Sardauna, akwai zanen dalar buhuna. Amma kusan duk tsofaffin hotunan jami'an gwamnati ne da baƙi suka ɗauka don nuna arzikin ƙasa. Dalar ce a tsakiya, 'yan dakon kuwa ƙanana ne a gefe, an sa su don a gane tsawonta. Ba a rubuta sunan kowa ba, ba a ce daga wane gari ya zo ci-rani ba, ba a ce nawa ake biyansa kan buhu ba. Wannan rashi ne babba, kuma duk wanda ya ɗauki kyamara yau ya kamata ya san cewa an taɓa yin sakacin, don kada ya maimaita.

Rushewar ba ta ɗauki dogon lokaci ba. Fari ya afka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai tsugunar da shuka ta hana ta 'ya'ya, ta lalata gonakin gyaɗa kimanin hekta 700,000 a Arewa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, kuma manomi da ma ya daɗe yana ƙorafin cewa hukumar sayen amfanin gona tana biyansa ƙasa da abin da take samu a kasuwar duniya. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe waɗannan hukumomi. Tireloli suka ƙwace dakon kaya daga hannun jirgi. Manoman Haɗeja ba su zauna ba, sun koma riɗi da zoɓo da shinkafa da alkama da kayan lambu, amma waɗannan a mota suke tafiya, ba sa bi ta tasha.

Haɗeja ba ta taɓa zama birnin masana'antu ba. Wanda yake son ganin kangon masana'anta na gaske sai ya bi kogin ya yi sama, domin ruwan da ke wucewa ta Haɗeja daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa ya taso. A can ne Bompai take, unguwar masana'antu ta farko a Kano tun zamanin Turawa, sannan Sharaɗa da Chalawa da suka biyo baya. An matsi man gyaɗa a nan, an jeme fata, an saƙa yadi, an haɗa keken Raleigh, an yi alawa da sabulu da kwanukan sha. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda na 'yan kasuwar Kano ne. Mutanen Haɗeja da Gumel da Kazaure, waɗanda har zuwa 1991 'yan jihar Kano ne, sun shiga waɗannan kamfanoni aiki, suna aiko da kuɗin taki da na aure gida.

Abin da ya kashe da yawa daga cikinsu sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a ciki. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa kayan gyaran inji da sinadarai suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma ƙona baƙin mai da gas a janareto. An ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, ga kuma fasa-ƙwauri ta kan iyaka, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya karawa da shi ba. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ita ce abin alfaharin gwamnatin Jihar Arewa, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Masaƙar UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007. Unguwar da a da jiniyar canjin aiki ke tashin mutane da asuba ta yi tsit.

Irin wannan wuri yana jan mai hoto, kuma ba laifi ba ne a amsa cewa yana da kyau a ido. Haske na shigowa ta hujin kwano ya sauka a kan injin da ƙura ta rufe. Tsatsa tana da launuka. Dogon zauren masaƙa da babu kowa a ciki yana da kwarjini. Tambayar ita ce me za a yi da wannan kyau, kuma a wata ƙasa an riga an yi doguwar muhawara a kanta.

Birnin Detroit na Amurka shi ne cibiyar ƙera motoci ta duniya a zamaninsa. A 1950 mutanensa sun haura miliyan 1.8, a ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba, kuma a 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta tsiyace. Masana'antar motocin Packard ta zama kango mai tsawon gaske. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, da aka buɗe a 1913, ta sallami jirginta na ƙarshe a 1988. Masu hoto suka yi ta tururuwa daga ko'ina. Wasu Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, suka fitar da katafaren littafin hotunan kangayen birnin a 2010, a shekarar kuma Ba'amurke Andrew Moore ya fitar da nasa. Hotunan sun ƙayatar, sun yi kasuwa, an rataye su a manyan gidajen nuni.

Mazauna garin da yawa ba su ji daɗi ba. Suka ce baƙo ya sauka, ya ɗauki ginin da ya ruɓe, ya kauce wa mutanen da ke zaune a layin, ya tafi ya sayar wa duniya labarin cewa gari ya mutu. Dubban ɗaruruwan mutane, mafi yawansu baƙar fata, suna nan suna kai yara makaranta suna zuwa aiki, amma a hoton babu su. Har suna mai muni suka laƙaba wa irin wannan hoto, suna kwatanta shi da na batsa, wato abin kallo ne kawai don jin daɗin ido ba tare da an damu da wanda ake kallo ba. Babban ƙorafinsu shi ne hoton ba ya faɗin dalili. Ba ya cewa wane ne ya kwashe jarinsa ya tafi, wace doka ce ta hana baƙar fata sayen gida a wasu unguwanni, wa ya ci riba. Mai kallo sai ya ɗauka ƙaddara ce ta faɗo daga sama. Tashar da aka fi ɗauka a matsayin alamar mutuwar birnin kuwa, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a watan Yunin 2024.

Wannan ƙorafi ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, domin a nan da wuya a sami kangon da babu kowa. Tsohon sito yakan zama ma'ajiyar riɗi ko wurin injin casar shinkafa. A Kano zaurukan masana'antu da yawa sun koma rumbun ajiye kayan da aka shigo da su daga waje, wasu sun koma wurin taron biki. Gidan ma'aikatan reluwe yana da iyali a ciki, akuya a ɗaure a gindin baranda, shanya a kan igiya. Inuwar bango wurin aikin bakanike ce ko makarantar allo. Wanda ya jira har kowa ya kauce sannan ya danna kyamara, da gangan ya cire rabin gaskiya. Fati Abubakar, wadda ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri a 2015 lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai ɓaraguzai, ta nuna cewa ana iya ɗaukar gari mai rauni ba tare da an shafe mutanensa ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka fi dacewa da mai hoto na Jigawa ko Kano. Ta farko ta wasu Jamusawa ce, miji da mata, Bernd da Hilla Becher. Daga 1959 suka shafe fiye da shekara arba'in suna ɗaukar tankunan ruwa da murahun narka ƙarfe da hasumiyoyin mahaƙar kwal, daidai lokacin da ake rufe su. Kowane gini daga gaba suke ɗaukarsa, a tsaye sak, a ranar da gajimare ya rufe rana don kada inuwa ta ɓoye komai, sannan su jera hotunan iri ɗaya gefe da gefe a ga kama da bambanci. Ba sa neman ban tausayi, shaida suke tarawa. Hotunansu na cikin abin da ya taimaka aka fasa rushe mahaƙar Zollern a Dortmund a ƙarshen shekarun 1960. Idan wani ya bi reshen Nguru tasha bayan tasha ya ɗauki kowane tankin ruwa da kowane ofishin tasha da kowane sito a irin wannan tsari, zai samar da abin da ɗalibin tarihi da maginin zamani za su daɗe suna amfani da shi. Hazon hunturu ma yana ba da irin hasken da Jamusawan ke jira, mai laushi, marar inuwa mai kaifi.

Ta biyu ta Camilo José Vergara ce, ɗan asalin Chile da ke zaune a Amurka. Shi komawa yake yi. Tun shekarun 1970 yake tsayawa a wuri ɗaya, a gaban gini ɗaya, shekara bayan shekara. Akwai wani shago a unguwar Harlem ta New York da ya fara ɗauka a 1977, ya ci gaba da ɗaukarsa shekaru da dama yana sauya masu shi da sana'a da fenti. Hoto ɗaya kango yake nunawa, amma jerin hotuna yana nuna yadda abin ya faru da abin da ya biyo baya. Wannan hanya ta fi sauƙi ga ɗan gari a kan baƙo, domin ba ta bukatar babbar kyamara, haƙuri take bukata da zama kusa. Matashin da ke Malam Madori da wayar hannu zai iya yin abin da ƙwararre daga Legas ba zai iya ba.

Kuma akwai dalilin gaggawa. Kango a wannan yanki ba ya daɗewa. A ƙasar fadama ruwa ne babban mai rushewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya riƙa fantsama inda ba a saba ba. Ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 sun ci gidaje da gonaki a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da maƙwabtansu. Ginin ƙasa da ya rasa mai yi masa yaɓe, damina biyu ko uku ta ishe shi, kuma tsofaffin gine-ginen En'e da na attajiran gyaɗa da yawa na ƙasa ne. Abin da ruwa ya bari, masu sayen tsohon ƙarfe na nan. Kwano da ƙyaure da sikeli da injin da ya tsaya duk kuɗi ne a kan kilo, kuma jami'an tsaro sun sha kama manyan motoci ɗauke da ƙarafan dogo da aka yanko. Sai kuma tsadar fili, wadda ke sa magada su rushe su sayar. Sabon layin dogo na zamani daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, yana da reshe zuwa Dutse, bai bi ta tsohuwar hanyar Nguru ba.

Ba kowane aikin da aka yasar ne yake ƙarewa a haka ba. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, an fara shi a farkon shekarun 1980, ya yi ta tsayawa, magudanai suka cika da ƙasa da ciyawa. Bayan gyaran da Bankin Duniya ya tallafa, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Auyo a watan Janairun 2023. Da wani ya riƙa ɗaukar magudanar nan ɗaya duk shekara tun daga farko, da yau ana da hujjar da za a nuna wa kowace gwamnati abin da jinkiri ke ci.

Shiga kango kuwa da ladabinsa. Gini ko ya lalace yana da mai shi: Hukumar Jiragen Ƙasa, ko gwamnatin jiha, ko banki da ya riƙe shi kan bashi, ko magada. A ƙauye ana farawa ne daga mai unguwa ko dagaci, a kamfani daga mai gadi. Tsallaka katanga, wanda wasu matasan Turai suka mayar wasa, a nan yana iya kai mutum ofishin 'yan sanda ko hannun 'yan sintiri, tun da shekarun rashin tsaro sun sa mutane na zargin duk baƙon da ke ɗaukar hoton gini. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ya fi jawo zargi, kuma yana bukatar izini.

Mai gadi shi ne mabuɗin aikin, ba na ƙofa kaɗai ba. Sau da yawa tsohon ma'aikacin wurin ne. Ana yi masa sallama, a ce "Baba, sannu da aiki," a zauna a kan bencinsa, a faɗi ko wane ne da abin da ya kawo mutum, kyamara na cikin jaka. In ya sake, shi zai nuna inda ofishin biyan albashi yake, ya faɗi aikin kowane inji, ya ce kada a taka can don rufin ya ruɓe. Akwai kuma tambayar da mai hoto zai sha ji, daga mai gadi ko daga dattawan da ke zaune a inuwa: "Yaro, gwamnati ce ta aiko ka? Za a tada kamfanin ne?" Wannan tambaya tana da nauyi, domin mai yin ta wataƙila shekara ashirin yake jiran giratutinsa. Amsar gaskiya ita ce a'a, tarihi ake tarawa. Wanda ya bar tsoho da zaton alheri na tafe don kawai a buɗe masa ƙofa ya ci amana, ko da hotonsa ya yi kyau.

Haɗarin jiki ma gaskiya ne. Kango gidan maciji ne da kunama da zuma da jemage, shi ya sa takalmi rufaffe da tocila suka zama dole, kuma ba a shiga shi kaɗai. Tsohon rufin asbesto idan ya farfashe ƙurarsa na cutar da huhu. A tsofaffin majemu na Sharaɗa da Chalawa akwai ramuka da ragowar sinadarin jima, irin wanda masu bincike suka daɗe suna kokawa da yadda yake gangarawa kogin Chalawa. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga cikin kyamara in ana yawan sauya gilashi a fili. Da rani, hasken da ke da amfani na safiya ne da na bayan la'asar. Na tsakar rana yana ƙone bango ya baƙanta cikin ɗaki.

Sai maganar mutanen da ke ciki. Wanda ambaliya ta kora ya fake a tsohon sito da iyalinsa ba ya son a gan shi a haka a Facebook. Matan aure ba a ɗaukarsu sai da yardarsu da ta gidansu. Almajirai yara ne, izininsu yana hannun malaminsu, kuma ko an samu izinin ya kamata mai hoto ya tambayi kansa ko zai yarda a nuna ƙaninsa a wannan hali. Nuna wa mutum hotonsa a fuskar kyamara kafin a tafi, da goge wanda bai so ba, ba ya rage wa aiki komai.

Abin da ya fi yawan lalata wannan aiki a ƙasar nan shi ne ajiya. Ana ɗaukar hoto mai daraja, a sa a intanet ba suna ba kwanan wata, waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan. Bayan shekara biyu sai a ga hoton yana yawo an ce na wani gari ne daban. Kowane hoto yana bukatar sunan wuri, da rana, da ɓangaren da aka fuskanta, da abin da ginin yake a da da abin da yake yanzu, da sunan wanda ya ba da bayanin in ya yarda. Muryar tsohon ma'aikaci da aka naɗa a waya na minti goma tana ninka darajar hoton. Akwai wuraren da aikinsu ke nan: Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Gidan Makama a Kano, sassan tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. A Legas wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ta mayar da wani tsohon gidan reluwe a Ebute Metta ƙaramin gidan tarihi na jirgin ƙasa, abin da masu kishin tarihi a masarautar Haɗeja za su iya kwaikwaya da ɗaki ɗaya a tasha.

Wani kaso na hotunan da ake bukata ma an riga an ɗauke su, suna cikin adaka da akwatunan ƙarfe a gidajen tsofaffin ma'aikata: katin shaidar aiki mai ɗan hoto a manne, hoton 'yan ƙwallon kamfani, hoton ranar sallama da manaja a tsakiya, takardar albashi, rasiɗin sikeli. Gara da danshi na cinsu, magada kuma ba kullum suke sanin darajarsu ba. Ba sai an karɓe su daga hannun masu su ba. Ana shimfiɗa su a kan farin ƙyalle a inuwa, a ɗauka da waya daga sama, gaba da baya domin sau da yawa a bayan ne aka rubuta suna da shekara, a tambayi mai gida ko su wane ne a ciki tun yana iya tunawa, sannan a mayar masa da kayansa tare da kwafi ɗaya da aka wanke.